Daga ɗan wasa zuwa koci a ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga 'yan wasan da suka hango ƙarshen wasansu, da kuma matasan masu horarwa da ke son sanin ta wace ƙofa ake shiga wannan sana'a.

Me ake nufi da ƙwallon kwandon jami'a, kuma rukuni nawa ne?

A Amurka jami'o'i ne ke rainon mafi yawan 'yan wasan da ke shiga NBA da WNBA, manyan lig ɗin ƙwararru na maza da na mata. Hukumar NCAA, mai hedikwata a Indianapolis, ta kasa jami'o'in gida uku. Rukuni na ɗaya yana da makarantu sama da 350, kuma shi ne mai gasar cin kofin ƙasa da ake kira March Madness, wadda aka faɗaɗa zuwa ƙungiyoyi 68 a 2011 ga maza, a 2022 ga mata. Rukuni na biyu yana ba da tallafin karatu daidai gwargwado, na uku kuwa ba ya ba da tallafin wasa ko sisi. Ban da NCAA akwai NAIA ta ƙananan jami'o'i, akwai kuma NJCAA mai kula da kwalejojin shekara biyu. Rukuni na ɗaya ake gani a talabijin, amma guraben aikin da sabon shiga zai iya samu sun fi yawa a ƙasa da shi.

Dole ne sai mutum ya buga wa jami'a kafin ya zama koci?

Ba dole ba ne. Roy Williams bai taɓa shiga babbar ƙungiyar jami'ar North Carolina ba lokacin da yake ɗalibi, amma ya dawo ya ci mata kofin ƙasa sau uku, a 2005, 2009 da 2017. Bruce Pearl, wani sanannen koci, ya fara ne da yi wa ƙungiyar Boston College hidima yana ɗalibi. Buzz Williams ma haka ya fara a Navarro, wata kwalejin shekara biyu a Texas.

Abin da wasa ke ba mutum abu biyu ne. Na farko, 'yan wasa sun fi saurin sauraron wanda ya sha irin wahalar da suke sha. Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci, yana ba ka ubangida: kocin da ya san halinka shekara huɗu, wanda zai ɗauke ka ko ya ɗaga waya ya yi maka magana a wani wuri. Wanda bai buga ba dole ya nemi wannan sanayyar ta hanyar hidima.

Akwai lasisi ko takardar shaidar da ake nema?

Babu lasisin horarwa na dole irin na CAF ko UEFA a ƙwallon ƙafa. Digiri na farko shi ne sharaɗin da kusan kowace jami'a ke gindayawa, kuma ana bincikawa. A 2014 Steve Masiello ya rasa aikin jami'ar South Florida bayan an riga an daidaita, saboda bincike ya nuna bai kammala digirin da ya rubuta a takardarsa ba. Ɗan wasan da ya bar makaranta da sauran kwasa-kwasai ya koma ya ƙarasa kafin ya fara neman aiki. A ƙananan rukunai digiri na biyu yana ƙara daraja, domin wani lokaci ana haɗa wa koci da koyarwa ko aikin ofis. Kafin mutum ya fita zawarcin 'yan wasa kuma sai makarantarsa ta tabbatar ya san dokokin NCAA.

Waɗanne matakai ake bi daga ƙasa zuwa sama?

Matakin farko ga tsohon ɗan wasa yawanci shi ne mataimaki mai karatun digiri na biyu. Jami'a tana ɗauke masa kuɗin makaranta, ta ba shi ɗan abin sa wa a aljihu, shi kuma ya yi shekara biyu yana duk aikin da aka miƙo masa. Daga nan sai mai kula da bidiyo, ko daraktan gudanarwa wanda ke riƙe da tafiye-tafiye, otal, abinci, kasafin kuɗi da jadawalin atisaye, ko mai kula da bunƙasa 'yan wasa. Bayan su sai mataimakin koci, sai babban mataimaki, sannan shugaban koci.

Gaɓar da ta fi wuyar tsallakawa ita ce daga ma'aikacin ofis zuwa cikakken mataimaki. Shekaru da dama dokar rukuni na ɗaya ta taƙaita mataimaka zuwa uku. A 2023 aka ƙara biyu, amma da sharaɗin waɗannan biyun za su horar a fili, ba za su fita zawarci wajen makaranta ba. Mutum zai iya yin shekara shida yana daraktan gudanarwa a babbar jami'a bai taɓa kawo ɗan wasa ko ɗaya ba, kuma duk wanda zai ɗauke shi mataimaki tambayar da zai fara yi ke nan. Shi ya sa da yawa ke barin babban gida su koma mataimaki a rukuni na biyu ko kwalejin shekara biyu, inda albashi ya ragu amma su ne ke zawarci, su ne ke tsara atisaye. A ganinmu wannan saukar ta fi zaman jiran tsammani.

Mene ne ainihin aikin sabon shiga a kullum?

Kafin atisaye yana shirya fili, ya buga jadawalin ranar minti-minti, ya tsaya ƙarƙashin kwando yana mayar wa mai gwajin jifa ƙwallo har sau ɗaruruwa. Tsohon ɗan wasan da har yanzu yake da ƙafa akan sa shi cikin tawagar da ke kwaikwayon salon abokan hamayya. Bayan atisaye sai zaman kwamfuta: yanka bidiyo da manhajoji irin su Hudl Sportscode da Synergy, a ware kowane hari da kowane tsaro, a zana dabaru da FastDraw. Idan an buga wasa da dare, ana son bidiyon ya shiga hannun shugaban koci kafin jirgi ya sauka. Akwai kuma leƙa ajujuwa a tabbatar 'yan wasa sun halarta, da ɗauko baƙi daga filin jirgi.

Inda tsoffin 'yan wasa suka fi tuntuɓe shi ne dangantaka. Wanda jiya kuke ɗaki ɗaya, yau kai ne za ka kai rahoton ya makara. Wanda ya ci gaba da yawon dare da 'yan wasa, ko ya riƙa ɓoye musu laifi, shugaban koci zai daina shigar da shi shawara, kuma da wuya ya gaya masa dalili.

Wanda ya buga wasan ƙwararru a waje, daga ƙasa zai fara shi ma?

Yawanci yana tsallake mataki ɗaya ko biyu, ba duka ba. Jon Scheyer misali ne mai kyau. Ya ci kofin ƙasa da Duke a 2010, ya ji mummunan rauni a ido a wasannin bazara na NBA a shekarar, ya buga a Isra'ila da Sifaniya, sannan ya koma wurin ubangidansa Mike Krzyzewski a 2013 a matsayin mataimaki na musamman. Ya zama cikakken mataimaki a 2014, babban mataimaki a 2018, ya gaji kujerar a 2022. Shekara tara ke nan a gida ɗaya. Hubert Davis ma, duk da kaka 12 a NBA da aikin sharhi a ESPN, ya yi shekara tara a ƙarƙashin Roy Williams kafin ya gaje shi a 2021.

Me ya sa manyan taurari da yawa ba sa cin nasara idan sun zama koci?

Clyde Drexler, abokin wasan Hakeem Olajuwon a jami'ar Houston, ya karɓi ƙungiyar a 1998 yana ajiye wasa, ya ci wasa 19 aka ci shi 39, ya sauka bayan kaka biyu. Patrick Ewing ya ci gasar lig ɗin jami'o'i na Big East da Georgetown a 2021, kakar da ta biyo baya ya sha kashi a duka wasanni 19 na lig ɗin, aka sallame shi a 2023. Juwan Howard ya zama gwarzon koci na shekara a Michigan a 2021, a 2024 aka kore shi bayan kakar da ya ci 8 aka ci shi 24.

Ba rashin sanin ƙwallo ba ne. Abin da tauraro yake yi cikin ɗabi'a sau da yawa bai taɓa rarraba shi gaɓa-gaɓa ba, don haka yana wahalar koyar da shi ga yaro ɗan shekara 18. Sannan horarwa a fili ƙaramin ɓangare ne na aikin. Sauran shi ne waya da iyaye, zama a ɗakunan wasa na sakandare, lallashin masu ba da gudummawa, da zaɓen mataimaka. Wanda bai hau matakan da aka bayyana a sama ba, a kan kujerar yake koyon waɗannan, jama'a na kallo.

Dawn Staley ta nuna cewa ana iyawa. Ta karɓi Temple a 2000 ba ta taɓa horarwa ba, tana kuma ci gaba da wasa a WNBA. Amma ta yi kaka takwas a can tana koyo nesa da hayaniya, ta koma South Carolina a 2008, a kaka biyu na farko an fi cin ta, kuma kofin farko bai zo ba sai 2017. Na 2022 da 2024 suka biyo baya, na ƙarshen ba a ci ta ko sau ɗaya ba a wasa 38.

Yaya ake zawarcin 'yan wasa, kuma me ya sa ake cewa shi ne jarin mataimaki?

Kowane mataimaki yana da yanki ko hanyar da aka san shi da ita: wani birni, kwalejojin shekara biyu, Turai, ko Afirka. NCAA tana da kalandar da ta raba shekara zuwa lokutan da za a iya ganawa da yaro, lokutan da kallo kawai aka yarda, da lokutan da ba a yarda da ganawa ido da ido ba sam. A ɓangaren maza ana fara kiran yaro kai tsaye daga 15 ga Yuni bayan ya gama shekararsa ta biyu a babbar sakandare. A watan Yuli masu horarwa kan cika gasannin ƙungiyoyin matasa, musamman Peach Jam da ake yi a North Augusta. Daga nan sai ziyarar da jami'a ke ɗaukar nauyi, ta kamar kwana biyu.

Gwanin zawarci yana fara gano wanda ke da ta cewa a rayuwar yaron, ko uwa, ko kawu, ko kocin unguwa, domin wata shida na waya da wanda ba shi ne mai yanke shawara ba asara ce. Yana kuma duba takardun makaranta tun da wuri. Rukuni na ɗaya yana neman darussa 16 na asali da matsakaicin maki 2.3, kuma cibiyar tantancewa ta NCAA ce ke tabbatarwa. Ga yaron da ya taso daga Nijeriya ko Gana, sakamakon WAEC yana cikin abin da ake aikawa, kuma jinkirin takardu ya sha sa yaro zaman benci.

Me ke cikin rahoton abokin hamayya?

Mataimaka kan raba wasannin kaka a tsakaninsu. Wanda wasa ya faɗo a kansa yana kallon wasannin baya-bayan nan na abokan hamayya, ya fitar da halin kowane ɗan wasa: wane hannu ya fi so, daga ina yake jifa, ko yana firgita idan an matsa masa. Ya rubuta dabarun da suka fi maimaitawa da alamar da kocinsu ke kiransu da ita, da abin da suke yi bayan hutun ɗan lokaci, da lokacin da suke komawa tsaron yanki daga tsaron mutum da mutum.

Lissafi ya shiga aikin sosai. Ba a auna ƙungiya da yawan makinta, ana auna ta da maki a kowane riƙon ƙwallo. Wadda ta ci 80 a riƙo 78 tana da 1.03, wadda ta ci 68 a riƙo 60 tana da 1.13, don haka ta biyun ta fi kaifin hari. Shafin KenPom ya yi suna a kan wannan. Kuskuren sabon mataimaki shi ne zuba duk abin da ya gano a shafi goma. Ɗan wasa zai riƙe abu uku ko huɗu, saura na masu horarwa ne.

Yaya shekarar koci take, akwai hutu?

Atisaye na hukuma ga maza yana farawa kwana 42 kafin wasan farko, kaka ta buɗe a farkon Nuwamba, a buga wasa wajen 30, gasannin lig su zo a Maris, a rufe da Final Four, wato zagayen ƙungiyoyi huɗu na ƙarshe a March Madness, a farkon Afrilu. A cikin kaka doka ta taƙaita aikin tilas ga ɗan wasa zuwa awa 20 a mako tare da hutun yini ɗaya, a wajen kaka awa 8. Wannan iyaka ta 'yan wasa ce, ba ta masu horarwa ba. Afrilu da Mayu, waɗanda a da ake ɗan numfasawa, yanzu sun fi kowane lokaci zafi saboda dalilin da ke amsa ta gaba.

Me biyan 'yan wasa da sauya sheƙa suka canza?

An buɗe rajistar masu son sauya makaranta a 2018. A 2021 aka yarda ɗan wasa ya sauya sau ɗaya ba tare da zaman jiran shekara ba, a 2024 aka cire iyakar. Daga 1 ga Yuli 2021 'yan wasa suka sami damar karɓar kuɗi da sunansu da hotonsu, sannan sulhun shari'ar House, ƙarar da 'yan wasa suka kai NCAA, a Yunin 2025 ya ba jami'o'i damar biyan su kai tsaye, har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko ga dukkan wasannin makaranta.

Sakamakon haka koci yana zawarcin 'yan wasansa na gida kowace shekara kamar baƙi, yana kuma zama da wakilai ana ciniki. Jami'o'i da yawa sun ƙirƙiro muƙamin babban manaja mai kula da kasafin 'yan wasa, wanda sabuwar ƙofa ce ga mai kan lissafi. Wasu tsofaffin hannu sun ajiye aikin. Tony Bennett, wanda ya ci kofi da Virginia a 2019, ya sauka a Oktoban 2024 yana mai cewa bai dace da wannan sabon yanayi ba.

Nawa ake samu?

Tazarar tana da faɗi ƙwarai. Dan Hurley ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 50 na shekara shida da jami'ar Connecticut (UConn) a 2024, bayan ya ƙi tayin Los Angeles Lakers. A ɗaya gefen, mataimaka da yawa a rukuni na uku da kwalejojin shekara biyu aikin wucin gadi suke yi ko na sa kai, suna haɗawa da koyarwa ko sansanonin horon yara na bazara. Roy Williams da kansa ya yi yawon sayar da kalandar ƙungiya a shekarunsa na farko ƙarƙashin Dean Smith don ya riƙe iyali.

Ta yaya ake samun kujerar shugaban koci?

Hanya biyu ce. Ko ka zama mataimaki a gidan da ke cin nasara har ƙaramar jami'a ta ɗauke ka, ko ka riƙe ƙungiyarka a ƙasa ka yi ta ci har a daina kau da kai. Bo Ryan ya ci kofi huɗu a rukuni na uku da Wisconsin-Platteville kafin ya hau. Ben McCollum ya ci huɗu a rukuni na biyu da Northwest Missouri State, ya koma Drake a 2024, Iowa a 2025. Sakandare ma hanya ce: Dan Hurley ya yi shekara tara a St. Benedict's kafin Wagner, Rhode Island da UConn, inda ya ci kofi a 2023 da 2024. Nate Oats malamin lissafi ne a Romulus ta jihar Michigan har Bobby Hurley ya ɗauke shi mataimaki a jami'ar Buffalo a 2013.

Daraktan wasanni ne ke ɗauka, sau da yawa da taimakon kamfanin neman ma'aikata. A ganawa ana son jin sunayen mataimakan da za ka zo da su, 'yan wasan da za ka iya kawowa cikin wata guda, da yadda za ka raba kasafi. Taron ƙungiyar masu horarwa ta NABC da ake yi a makon Final Four shi ne babbar kasuwar neman aiki.

Waɗanne laifuffuka ne ke rusa wa koci sana'a?

Mafi nauyin hukuncin NCAA shi ne wanda ke bin mutum duk inda ya je: duk jami'ar da ta ɗauke shi cikin wa'adin sai ta ɗauki takunkumin tare da shi ko ta je ta kare kanta. Kelvin Sampson ya sha na shekara biyar a 2008 kan kiran waya fiye da ƙa'ida, ya tafi NBA ya yi mataimaki, ya dawo Houston a 2014, ya kai wasan ƙarshe a 2025. Bruce Pearl ya sha na shekara uku a 2011, kuma abin da ya ja masa ba gayyatar wani yaro da yake zawarci cin nama a gidansa, wadda ta saɓa doka, ba ne kaɗai, ƙaryar da ya yi wa masu bincike ce. A 2017 hukumar FBI ta kama mataimaka huɗu daga Arizona, Auburn, Oklahoma State da USC kan karɓar cin hanci. Mataimaki ya sani cewa idan ta ɓaci, sunansa ne a kan saƙonnin waya.

Idan aka kori shugaban koci, ina makomar mataimakansa?

Shugaba yana tafiya da kuɗin sallama da aka rubuta a kwantiraginsa. Mataimaka galibi kwantiragin shekara ɗaya gare su, kuma sabon shugaba da mutanensa yake zuwa. Haƙuri ma ya ragu. Krzyzewski ya ci 38 aka ci shi 47 a kaka uku na farko a Duke, aka bar shi, ya yi ritaya a 2022 da nasara 1,202 da kofi biyar. Yau da wuya a ba wani irin wannan lokaci. Saboda haka mataimaki ya riƙe zumunci da masu horarwa a gidaje da yawa, kada duk sanayyarsa ta tsaya a kan mutum ɗaya.

Ɗan Nijeriya ko wani ɗan Afirka zai iya bin wannan hanya?

Rena Wakama, wadda aka haifa a Raleigh iyayenta 'yan Nijeriya, ta bi matakan daki-daki: ta buga wa Western Carolina, ta yi daraktar gudanarwa sannan mataimakiya a Manhattan College, ta wuce Stony Brook da Tulane. A 2023 ta jagoranci D'Tigress, ƙungiyar matan Nijeriya, suka ci kofin Afirka a Kigali, a 2024 ta kai su zagayen ƙungiyoyi takwas a gasar Olamfik ta Paris, abin da wata ƙungiyar ƙwallon kwando ta Afirka ba ta taɓa yi ba. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya buga a kwalejin Bismarck State, amma shi ta farautar 'yan wasa ya bi, ya fara da Orlando Magic ba albashi, har ya jagoranci Toronto Raptors zuwa kofin NBA a 2019.

Ga wanda ba shi da takardar zama, matsalar biza ce ta fi ta ƙwallo. Ƙofar da ta fi sauƙi ita ce mataimaki mai karatun digiri na biyu, domin bizar ɗalibi ta F-1 ta yarda da aikin cikin makaranta har awa 20 a mako. Bayan kammalawa akwai izinin aiki na wata 12, daga nan sai jami'a ta nema masa bizar aiki ta H-1B, kuma ƙananan makarantu ba kasafai suke ɗaukar wannan ɗawainiya a kan ƙaramin muƙami ba. Tun 2025 Amurka ta tsananta ba da biza ga 'yan Nijeriya, Nijar, Chadi da Sudan, don haka a tuntuɓi ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'ar da ofishin jakadanci kafin a karɓi tayi ko a ajiye aikin da ke hannu.